Yaro ba ya sha'awar aikin da bai taɓa gani ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyaye maza da mata, da ɗalibanmu da ke zaune can baya, sannunku da zuwa. An ba ni lokaci kaɗan, an kuma ɗora mini magana mai faɗi, wato yadda za a shirya yaro ya san duniyar aiki tun yana makaranta. Zan ɗauki ɓangare ɗaya in tsaya a kansa.

Kowa a zauren nan ya taɓa tambayar yaro, "Idan ka girma me kake so ka zama?" Kuma kun san amsar tun kafin ya buɗe baki. Likita, injiniya, lauya, malami, ɗan sanda. Kada ku ɗauka halin yaran ƙasa ɗaya ne. Ƙungiyar OECD, wadda ke shirya jarrabawar PISA ga 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, ta yi wa ɗalibai irin wannan tambaya a 2018. A rahoton da ta fitar a 2020, kashi 47 cikin ɗari na samari da kashi 53 na 'yan mata sun ambaci ɗaya daga cikin ayyuka goma kacal. Goma fa! Alhali ayyukan da mutane ke ci da kansu a duniya sun kai dubbai. A asibitin da yaron ke mafarkin zama likita akwai mai gwajin jini, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai gyaran na'urorin tiyata, da mai adana bayanan marasa lafiya. Bai ambace su ba domin likita kaɗai ya gani lokacin da aka kai shi.

Wata masaniya Ba'amurkiya, Linda Gottfredson, ta yi bayani a 1981 kan yadda yara ke zaɓen aiki, kuma ni dai bayaninta ya zauna mini. Ta ce kafin yaro ya fara zaɓe, sokewa yake yi. Tsakanin shekara 6 zuwa 8 sai ya fara cewa wannan aikin na maza ne, wancan na mata, ya ajiye rabi a gefe. Daga 9 zuwa 13 ya gane cewa mutane suna girmama wasu ayyuka suna raina wasu, sai ya soke waɗanda yake ganin sun yi masa ƙasa, ya kuma soke waɗanda yake ganin sun fi ƙarfinsa. Sai ya kai wajen 14 sannan yake tambayar kansa me yake so, kuma a cikin ɗan abin da ya rage yake lalube. To ku dubi abin da makarantu da yawa ke yi: sai a ajin ƙarshe na sakandare ake tara ɗalibai rana ɗaya a yi musu lacca kan zaɓen sana'a. Ranar da mai laccar ya iso, yarinyar da ta iya haɗa wayar lantarki da fitila tun tana aji uku na firamare ta riga ta yanke wa kanta hukunci, shekaru tara da suka wuce, cewa aikin lantarki ba nata ba ne. Babu wanda ya hana ta. Ba ta dai taɓa ganin mace tana yinsa ba.

Wanda ake ɗauka uban wannan fanni na ba da shawara kan aiki, Frank Parsons, ya buɗe ofishinsa a birnin Boston a 1908. Abu uku ya ce ana bukata: mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai da abin da kowanne ke nema, sannan ya auna biyun da hankali. Na tsakiyar nan shi ne muke tsallakewa. Muna duba sakamakon jarrabawa mu ce wannan ɗan kimiyya ne, wancan ɗan adabi, shi ke nan mun gama.

Wasu ƙasashe sun ɗauki na tsakiyar da muhimmanci. A Finland ɗalibin aji takwas ko tara, wato ƙarshen ƙaramar sakandare, yana barin aji na mako ɗaya ko biyu ya je wani wurin aiki, yana kallo, yana ɗan taimakawa. A Japan ma 'yan ƙaramar sakandare sukan yi 'yan kwanaki a irin wannan. Jamus ta fara ware rana a 2001 da ake kai 'yan mata masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje, bayan shekara goma ta ware wa samari tasu, ana kai su wuraren jinya da renon yara. A Suwizalan kuwa kusan kashi biyu cikin uku na matasa, idan sun gama karatun dole, koyon sana'a suke shiga: kwana uku ko huɗu a wurin aiki, ɗaya ko biyu a aji, tsawon shekara uku zuwa huɗu, kuma ƙofar karatu mai zurfi ba ta rufe musu ba. Ban ce a kwafo tsarin kowa ba, kowace ƙasa da ƙarfinta. Abin da ya haɗa su shi ne gani ya kori ji.

Sai batun shirin aiki kansa, wanda ba zan daɗe a kai ba domin kun fi ni saninsa. Masu ɗaukar ma'aikata ba su cika kuka da cewa matashi bai san lissafi ba. Kukansu shi ne ba ya zuwa a kan lokaci, ba ya ƙarasa abin da ya fara, idan bai gane ba sai ya yi shiru, idan ya yi kuskure sai ya ɓoye. Waɗannan ba a koyar da su a allo. Yaron da aka damƙa masa rajistar littattafan aji, ko shayar da shuka, aka kuma tambaye shi bayan mako guda yaya aka yi, shi ne ke koyonsu. Amma malam, idan ya zo ya ce maka ya ɓatar da littafi ɗaya ka rufe shi da faɗa, ka sani ɓoyewa ka koya masa.

Akwai iyaka da dole in ja, don kada wani ya fita ya ce an ba shi lasisin cire ɗansa daga makaranta. Yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1973, ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun fara aiki, ta yi wa ƙasashe masu tasowa sassauci su fara da 14. Ta yarda da aiki mara nauyi daga 13 muddin bai taɓa lafiya ko karatu ba, aiki mai haɗari kuwa sai 18. Ni ma'aunina mai sauƙi ne. Idan yaro ya dawo daga wurin aikin da tambayoyi a bakinsa, koyo yake yi. Idan ya dawo yana gyangyaɗi a aji, wani ne ke cin guminsa.

Abin da zan roƙi shugabannin makarantu ba ya bukatar kuɗi. A cikin iyayen ɗalibanku akwai masu ayyukan da yaran ba su taɓa jin sunansu ba. Ku gayyato mutum ɗaya kowane wata, tun daga firamare, ya zo da kayan aikinsa a hannu. Kada ku bar shi ya yi wa'azi. Ku bar yaran su tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, me ya karanta, wane ɓangare na aikin ne ya fi gundurarsa, ya taɓa yin kuskure, kuma me ya biyo baya. Ku tabbata a cikin baƙin akwai mata, akwai kuma wanda bai je jami'a ba amma ya ƙware.

Ga mai gabatarwa can yana ta nuna mini agogo. Hajiya, na ga hannunki a sama tun ɗazu, a miƙa mata abin magana.