Sharhi: Lamba ɗaya ga mutum ɗaya, amma wa ke gadin rumbun?

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya shafi mayar da aikin bayar da lambar shaidar ɗan ƙasa hannun hukuma guda, domin toshe kafar zamba.

Dalilin yin hakan a fili yake. Idan ofisoshi ɗari ne ke raba lamba, kowanne da nasa littafin, mutum na iya zuwa nan da suna ɗaya, ya je can da wani sunan, ya fito da lambobi biyu. Da su zai kwashi albashi biyu, ko fansho biyu, ko ya ci bashin banki da sunan wanda ba a taɓa haifa ba. Amurka ta fara raba lambarta mai alƙaluma 9, wadda ake kira SSN, a 1936, kuma ofisoshin yankuna ne suka riƙa bayar da ita har farkon shekarun 1970, lokacin da aka tattara aikin a hedikwatar da ke Baltimore. Indiya ta wuce nan. A 2009 ta kafa hukumar UIDAI mai bayar da lambar Aadhaar, inda ake ɗaukar zanen yatsu goma da hoton ƙwayar ido, a gwada su da na duk wanda ke cikin rumbun bayanan hukumar kafin a fitar da sabuwar lamba. Sama da mutum biliyan ɗaya ke da ita yanzu. A Najeriya ma, lambar BVN ta bankuna ce ta taimaka aka cire ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin albashin gwamnatin tarayya a farkon 2016.

Don haka muna goyon bayan tsarin. Sai dai akwai abin da masu mulki ba su cika faɗa ba idan suna tallarsa.

Babbar kwamfutar da ke hedikwata tambaya ɗaya take amsawa: shin wannan yatsa ya taɓa zuwa? Ba ta san ko sunan da aka rubuta gaskiya ne ba, balle ranar haihuwa. Wannan yana hannun ma'aikacin da ke zaune gaban ƙaramar na'ura, layi ya miƙe a gabansa, yana shigar da abin da aka faɗa masa. In aka cusa masa ɗan wani abu a aljihu, ƙarya ta shiga ke nan, kuma daga ranar ta samu hatimin gwamnati, duk banki da kotu za su karɓe ta. Indiya da kanta ta dakatar da dubun-dubatar ma'aikatan da ke yi wa mutane rajista saboda karya ƙa'ida.

Ga kuma talakan da ya zo da gaskiyarsa. Tsohuwar da aikin hannu ya shafe mata zanen yatsu za ta ɗora babban yatsa a kan gilashi, ta goge shi da gefen mayafi, ta sake ɗorawa, na'ura ta ƙi ta. A jihar Jharkhand ta Indiya an samu rahotannin mutanen da suka rasa tallafin gwamnati ta irin wannan hanya. A 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta amince da Aadhaar, amma ta hana tilasta haɗa ta da asusun banki da layin waya.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tsaron rumbun kansa, domin an tara ƙwai duka a kwando ɗaya. A 2017 masu kutse sun shiga kwamfutocin kamfanin Equifax na Amurka, mai adana bayanan bashin jama'a, suka kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 147, har da lambobin SSN. Ɓarnar ta yi muni ne saboda an daɗe ana ɗaukar sanin lambar a matsayin hujjar cewa kai ne mai ita. Katin banki in ya ɓace ana sauya shi cikin kwanaki. Yatsa kuwa ba shi da madadi.

Saboda haka duk gwamnatin da za ta riƙe wannan amana, wajibi ne dokarta ta fayyace wanda ke da ikon buɗe bayanan mutum, a kuma ajiye tarihin duk wanda ya buɗe, da ranar da ya buɗe. A hukunta ma'aikacin da ya sayar da bayanai a bainar jama'a. Wanda na'ura ta ƙi karɓar yatsansa kuma, a tanadar masa ɗan'adam da zai saurare shi a ranar, kada a ce ya koma gida ya jira saƙo daga hedikwata.