Amsoshin Tambayoyinku: Idan Memori Ya Ƙi Karɓar Komai a Kwamfuta

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da war haka. Saƙonni sun taru, lokaci kuma ba ya jira. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai, ranka ya daɗe.

Mai gabatarwa: Wani bawan Allah daga Kurna ya ce yana so ya tura bidiyon walima mai nauyin giga 6 cikin memori mai giga 32, kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma, ga fili kuma fal.

Injiniya: Nasa ba kullewa katin ya yi ba, matsalar tsarin ajiyarsa ce. Kati mai giga 32 zuwa ƙasa da tsarin FAT32 yake zuwa, shi kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4. Ya kwashe kayansa, ya yi masa fomat zuwa exFAT.

Mai gabatarwa: Shi ke nan, na Kurna ka ji. Yanzu ga wadda ta fi yawa a saƙonnin yau. Wani mai ɗaukar hoton biki daga Fagge, da wata malama daga Ɗorayi, da wani mai tura karatu da wa'azi daga Rijiyar Lemo, duk kukansu ɗaya. Sun sa memori a kad-rida, wato na'urar da ke karanta kati a kwamfuta, suna ganin abin da ke ciki, amma ba ya goguwa, ba ya karɓar sabo, fomat ma ya ƙi. Sai kwamfuta ta rubuto "write protected", wato an kulle katin, ba a iya rubutu a kansa. Na Fagge har ya ce ya hura masa iska, ya lasa, ya goga a riga.

Injiniya: Subhanallahi! Ya daina lasa, danshi yana ɓata waɗannan layukan masu ruwan zinare. To a fara da ido kafin a taɓa kwamfuta. Babban katin SD na kyamara, da adaftar da ake zura ƙaramin memorin waya a ciki, idan ka riƙe su rubutu na kallonka, a gefen hagu akwai wani ɗan maɓalli. In yana ƙasa, wajen da aka rubuta Lock, a kulle yake. A tura shi sama. Abin da mutane ba su sani ba, wannan maɓallin ba ya haɗe da komai a cikin katin, roba ce zalla. Kamar allon "an tashi" ne a ƙofar shago: ƙofar a buɗe take, mai gadi ne ya ga allon ya hana shiga. Mai gadin shi ne wani siririn ƙarfe a cikin ramin kad-rida, shi yake taɓa gefen katin ya gaya wa kwamfuta a rubuta ko kar a rubuta.

Mai gabatarwa: Dakata in maimaita. Ke nan laifin ba lallai na katin ba ne, yana iya zama na rida ko na adafta.

Injiniya: Sau da yawa ma nasu ne. Maɓallin yana sakwarkwacewa, ka tura shi sama, garin zura katin sai bakin ramin ya mayar da shi ƙasa ba ka sani ba. Ka zaro ka duba. In haka ne, ka yanki ɗan selotef ka manne shi a sama, falle ɗaya kawai, in ya yi kauri katin zai maƙale, kuma kar ya hau kan layukan zinaren. In ma maɓallin ya faɗi ya ɓata, rida zai ɗauka a kulle yake, sai a rufe gurbin da selotef. Ƙaramin memorin waya shi ba shi da maɓalli sam, don haka a canja adafta, ko a sa shi a ƙaramin rida mai shiga ramin USB kai tsaye. Sannan ga ƙurar hunturun Kano. Laftof a buɗe a shago, ƙura ta cika ramin, ƙarfen nan ya daskare. Kuma ni ban ga dalilin da mutum zai sayi laftof da kuɗi masu yawa ya kasa saya mata jaka ba, kana gani a bayan babur...

Mai gabatarwa: Injiniya, mu dawo kan kati, jakar ta jira wani makon.

Injiniya: To. A share ramin da busasshen burushi mai laushi, ban da allura ko tsinken sakace. In an gwada wani rida katin ya yi aiki, magana ta ƙare.

Mai gabatarwa: In kuma bai yi ba fa?

Injiniya: Sai a koma Windows, don ita ma tana iya yi wa kati alamar karatu kawai. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta diskpart, a amince. Baƙin allo zai buɗe. A rubuta list disk. A nan a nutsu, da girma ake gane kati: mai giga 32 zai nuna wajen 29, mai 64 wajen 59. Disk 0 galibi na kwamfutar ne, ba ruwanka da shi. In katinka ne na 1, ka rubuta select disk 1, sannan attributes disk clear readonly. Ka zare, ka mayar.

Mai gabatarwa: Masu biro a hannu: diskpart, list disk, select disk da lambar katinka, sannan attributes disk clear readonly.

Injiniya: Kuma don Allah kar wani ya ga an ce ya rubuta clean shi kaɗai ya bi, wannan share komai yake yi. Akwai kuma wani saiti mai suna WriteProtect a cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, da ake mayarwa 0. Alamarsa, duk filashi da katin da aka sa a wannan kwamfutar sai ya ƙi. In ta ofis ce ko ta makaranta, wataƙila da gangan aka rufe, a tambayi mai kula da ita.

Mai gabatarwa: Malama ta Ɗorayi ta ƙara da cewa nata in ta goge hotuna sai su tafi, tana mayar da katin sai ta gan su sun dawo. Ta ce ko aljanu ne.

Injiniya: Hajiya, ba aljanu ba ne, tsufa ne. Kowane kati yana da iyakar rubutun da zai ɗauka. In ya gaji, ko ya ga ɓarna a cikinsa, sai ya kulle kansa don kar abin da ke ciki ya salwanta. Wannan kullen ba selotef, ba diskpart, ba mai gyaran da zai buɗe shi. Yau ɗin nan ki kwafe komai zuwa kwamfuta tun yana karantuwa, kar ki tsaya gwada fomat. Jabun kati kuma da wuri yake yin haka. In za ki sayi sabo, a Farm Centre ne ko Titin Beirut, ki sa a gwada shi da manhajar H2testw, tana cika katin ta karanta, ta faɗi ainihin girmansa. Wani an rubuta 64 a jiki, cikinsa 8 ne.

Mai gabatarwa: Saura minti ɗaya. Wani ɗalibi daga Hotoro ya ce ya cire memori daga wayarsa ta Android, kwamfuta ta ce sai an yi fomat.

Injiniya: Kar ya yarda. In ya haɗe katin da ma'ajiyar wayar tun farko, wayar ce kaɗai ke iya karanta shi. Ya mayar da shi ciki, ya jona wayar da kebul, ya kwashe ta nan.

Mai gabatarwa: Mai tambaya kan katin kyamarar tsaro daga Sharaɗa, ka yi haƙuri, da kai za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Injiniya, mun gode.