Darasi: wane makullin ruwa za a ɗaura wa pampon tsakar gida?

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, barkanku da war haka. Yau darasinmu a kan makullin ruwa ne, wanda ake ɗaurawa a tiyo bayan kontar (na'urar da ke ƙirga ruwan da kuka sha), kafin ruwa ya kai robinen tsakar gida ko tanki. Wanda ke gabanin kontar na kamfani ne, kada ku taɓa shi.

Kun san halin garinmu. A kan dutse muke zaune, ruwanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. A unguwanni da dama, musamman da bazara, sai tsakar dare yake zuwa, ya fara da hucin iska, sannan ya biyo da ɗan yashi. To wa ke tashi ya rufe in tanki ya cika? Galibi uwar gida ce, ko tsohuwa, ko yaro da barci a ido. Saboda haka ni abin da nake dubawa ɗaya ne: makullin da Inna za ta rufe da hannu ɗaya cikin duhu.

Kai yaro, matso da wayar su gani. Ga iri biyu a hannuna. Wannan mai kan zobe, murɗa shi ake yi, a yi ta murɗawa har wani ɗan faifai ya sauka ya tare hanya. Sabonsa lafiya lau. Amma yashi na kwanciya a ramin da faifan ke zama, sai ka ɗaure iya ƙarfinka ruwa na ta ɗiga. Ka ƙara matsawa, sandar ciki ta cinye, zoben ya dinga juyawa a banza. Kuma da ido ba ka sanin a buɗe yake ko a rufe.

Wannan kuwa mai dogon hannu, ku leƙa cikinsa. Kun ga ƙwallon ƙarfe mai huda a tsakiya? In hannun ya bi tsawon tiyo, hudar ta daidaita, ruwa na wucewa. In ya gitta, an rufe. Juyi ɗaya, shi ke nan, ko da laluɓe ka san inda aka kwana. Shi nake ba ku shawara. Akwai mai gajeren hannu kamar fiffike, na wurin da ya matse ne, amma in ya ɗan cije yana wahalar da yatsu.

Yanzu sai kasuwa, don nan ake cutar mutane. In kun shiga Kasuwar Dole ko wani kantin kayan pampo, ku ɗauki biyu ku auna a tafin hannu. Na tagulla yana da nauyi. Na jabu shafal yake, fenti ne kawai a kan ƙarfen banza, kana ɗaure shi da sifana bakinsa ya tsage. Ku leƙa hudar ma: in ta fi bakin tiyo ƙanƙanta sosai, za ta rage muku ruwan da dama ba ƙarfi gare shi ba. A jikinsa za ku ga an rubuta PN da lamba, 16 ko 25, wato ƙarfin ruwan da yake jurewa; ko wanne ya ishi gida. Girma kuma, tiyon gida yawanci 15/21 ne ko 20/27, wato lambar faɗin tiyon. In kuna shakka, ku tafi da tsohon.

Na roba fa? Yana da araha, ba ya tsatsa, amma ranar nan tamu tana gasa shi har ya bushe, wata rana hannun ya ɓalle. A inuwa ko cikin akwati, to. A fili, a'a. In kuma pampon a ƙofar gida yake, akwai mai hudar sa kwaɗo a hannunsa, don a kulle shi.

Wajen ɗaurawa, ku naɗa teflon, wato farin tef ɗin nan mai hana yoyo, ta yadda zaren ke shiga, ku sa rakor, wato mahaɗin da ake kwancewa, a gefensa don ranar canji kada a yanke tiyo. In ruwa ya zo da ƙarfi, a rufe a hankali. Rufewar farat ɗaya tana sa tiyo ya buga, mahaɗa su saki. Sannan ko ba a buƙata, duk wata a buɗe a rufe sau biyu, don kada ƙwallon ya cije.