Inji na ihu, jirgi ya ƙi gudu: laifin totur ne?

Tambayar da masu jirgin ruwa na jet, wanda feshin ruwa ke turawa, ke ta maimaitawa kwanan nan ita ce: "Na tura totur har ƙarshe, jirgi ya ƙi tashi, in canza kebul?" Dakata tukuna, kada ka kwance komai.

Ga ƙasan jirgin. Babu farfela a waje. Ta wannan ragar ƙarfen ruwa ke shiga, farfelar da ke cikin bututu ta zuƙe shi, ta feso shi ta baya da ƙarfi. Tsarin da Bill Hamilton na New Zealand ya fito da shi ke nan a 1954, don koguna marasa zurfi. A yawancin waɗannan jirage babu giya tsakanin inji da farfela, ruwan da ke cikin bututun shi kaɗai ke yi wa injin nauyi. Shi ya sa allurar RPM, mai nuna juyin inji, ita ce shaidarka ta farko.

To, a nan mutane ke ruɗewa. Kana kan ruwa, tura totur a hankali, idonka a kan allura, kunnenka a kan inji. Ka ga yadda ta zabura ta yi sama? Ka ji kukan? Amma dubi bayan jirgin, rarrafe kawai yake, ga kuma karkarwa a ƙarƙashin ƙafa. Totur ɗin nan lafiyarsa ƙalau. An ce ya buɗe, ya buɗe, inji ya amsa. Farfela ce ba ta kama ruwa, kamar tayar mota da ke wulwulawa a cikin laka. Leda ɗaya a bakin raga ta isa ta jawo wannan. Haka ciyawa, haka igiyar da ta naɗe sandar farfela, har ɗan tsakuwa da ya maƙale.

Kashe inji, zare makulli, sannan ka sa hannu. Wannan kam ba na wasa da shi. Jiragen Yamaha suna da ƙofar kwashe shara ta sama a baya, kuma in ba a mayar da murfinta ya zauna daram ba, iska za ta shiga, matsalar ta dawo sabuwa. In raga a share take, haska tocila ta bakin feshi ka duba zoben da farfela ke juyawa a cikinsa. Yashi na cinye shi, tazara ta buɗe, ruwa ya riƙa sulalewa baya. Ka lura kuma, galibi daga famfon nan, wato bututun da farfela ke ciki, ake ɗibar ruwan sanyaya inji, don haka in allurar zafi ta fara hawa a lokaci guda, ciwon ɗaya ne.

Idan kuwa allura ta tsaya a ƙasa, muryar injin ma ta kwanta, yanzu ne ake maganar totur. Inji a kashe, wani ya tura hannun totur, kai ka duba ko ya buɗe har maƙura a jikin inji. Sai filtar mai, sai fulogi. Mai totur na lantarki kuma, kwamfutar injin na iya rage gudu da kanta in ta ga zafi ya yi yawa ko ƙarfin baƙin mai ya faɗi, karanta saƙon da ke kan allo.

Saura ɗaya: allurar ma tana iya yin ƙarya. Muryar inji ba ta canza ba, amma RPM na rawa, ta mai na rawa, ta zafi na rawa? Da wuya agogo uku su lalace rana ɗaya. Wayar negetif guda suka haɗa, nemo ta. Ga ta, dubi koren tsatsan nan. Ni dai takaicina ke nan, a sayi sabon agogo alhali goge waya da ɗaure noti ne magani. Auna batir: wajen volt 12.6 in inji na kashe, 13.5 zuwa 14.5 in yana aiki.

Agogon mai kaɗai ne ya mutu? In ma'aunin Amurka ne, mai ohm 240 zuwa 33 (ohm shi ne ma'aunin juriyar lantarki), taɓa wayar da ta zo daga tanki da negetif, a bayan agogon, nesa da tururin fetur. In allura ta haura zuwa cike, agogo na da rai, sai ka bi wayar har zuwa na'urar da ke cikin tanki.