Kalmar "run" da ma'anoninta 645

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka. Yau kalma ɗaya tak na zo muku da ita, mai harufa uku, wadda duk wanda ya zauna ajin firamare ya san ta: "run". An ce mana gudu take nufi, muka haddace, muka wuce.

Shekarun baya ina duba takardun jarrabawar fassara, sai na tarar an ba wata ɗaliba jimlar "The tap is running". Da kyakkyawan rubutunta ta sa: "Famfo yana gudu." Na daɗe riƙe da jan biro na kasa sokewa, domin abin da muka koya mata ne ta maido mana. Alhali Bature cewa yake an bar famfo a buɗe, ruwa na ta zuba.

To, ku saurari abin da masu harshen suka gano da kansu. A bugu na biyu na babban ƙamusun Oxford, wanda ya fito a 1989, kalmar "set" ce ke kan gaba da ma'anoni 430. Da aka zo sabunta ƙamusun, wani ma'aikacinsu mai suna Peter Gilliver ya shafe kusan wata tara a kan "run" kaɗai. A 2011 aka bayyana cewa ya fitar da ma'anoni 645, kuma a matsayinta na aikatau kawai.

Me ya kumbura ta haka? A ganina, injina ne. Da jirgin ƙasa ya zo, ita aka ɗora masa. Injin mota in ya tashi, ita ce. Yau manhajar da ke aiki a wayarka ma ita ce. Mai tafiyar da kanti, da mai neman kujerar shugaban ƙasa a Amurka, da yaron da mura ta kama majina na tsiyaya, duk da wannan kalma ake ba da labarinsu.

Inda ta fi wahalar da ɗalibanmu shi ne idan ta ɗauko 'yar rakiya. "Run out" ƙarewa ce, kamar sukari ya ƙare a gida. "Run into" yin kiciɓis da mutum. "Run over" kuwa mota ce ta take shi. Ka tsallake 'yar kalmar da ke biye, ka ɓata.

Kada ma abin ya ba mu tsoro, domin muna da irinta. Ku dubi "ci". Mun ci tuwo, mun ci jarrabawa, an ci bashi, an ci amana, kasuwa ta ci, wane ya ci sarauta. Yaron da ya tashi a Kano bai taɓa zaton ana tauna amana da haƙori ba, saboda tun yana goye yake jin kalmar tare da maƙwabtanta.

Yanzu kowa ya ɗauko takarda. Zan karanto jimloli goma masu "run", ku fassara mini su, amma sau ɗaya kawai na yarda ku rubuta "gudu".