Lacca: Taku ɗaya bayan ƙarshe

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, mutanen Katsina da waɗanda suka taso tun daga Daura da Funtuwa, sannunku da zuwa. Abu uku zan taɓo a kan lissafin manuni, da rubutun da ke bayaninsa a ma'ajin tushe na Rust, harshen rubuta shirin kwamfuta. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Na farko, manuni lamba ce da ke nuna inda abu yake zaune a memorin kwamfuta. A ce kana da jerin lambobi huɗu, kowace tana cin bayit 4, bayit kuwa shi ne ma'aunin wuri a memori. Ka ce wa manuni ya matsa ɗaya, bayit 4 zai tsallake. Haka abin yake tun harshen C da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajen 1972.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Jerin nan namu bayit 16 ne. Bayanin add, wato umarnin matsar da manuni gaba a Rust, ya ce inda za ka sauka dole ya kasance cikin wurin da aka yanka maka, ko daidai bakin ƙarshensa. Wato 16 halak ne ka tsaya, amma kada ka karanta komai a wurin. Ka kai 20 fa? Ka karya doka, ko da ba ka karanta ba, ko da ka dawo da baya nan take. Lissafin kansa shi ne laifin. Na maimaita, lissafin kansa! Kamar gona ce: ka tsaya kan kunyar iyaka babu mai ce maka uffan, amma ƙafarka na shiga gonar maƙwabci magana ta tashi, ko ba ka tsinki zangarniya ba. Ɗan'uwa mai jar hula yana dariya, da alama an taɓa rabon gado a gidansu.

Me ya sa aka tsananta haka? Saboda kamfaila, mai fassara shirinka zuwa harshen inji, wato LLVM da ke ƙarƙashin Rust, yana ɗaukar wannan magana a matsayin alkawari. Ya gaskata ba za ka fita ba, sai ya sake tsara aikinka, ya zubar da binciken da yake ganin ba shi da amfani, don shirin ya yi sauri. Shi ya sa jimlar nan da ke cikin bayani take da nauyi a wurina. Mai rubuta shiri ba ya buɗe cikin kamfaila, jimlar yake karantawa ya dogara da ita. In ta sassauta fiye da gaskiya, an jefa shi rami. In ta tsananta fiye da gaskiya, ya yi ta wahalar banza. Akwai 'yar'uwar add mai suna wrapping_add, ita ta yarda ka fita, amma ba ta ba ka izinin karanta kayan wani ba.

Na uku... a'a, na biyu ne ko? Lokaci ya ja, bari in haɗe su. Doka tana canzawa. A 2024 an amince matsawar sifiri halak ce a kan kowane manuni, har wanda ba ya nuna komai. Kuma ayyukan nan irin su add suna wuri uku, a kan nau'ukan manuni uku: *const T, *mut T da NonNull. A gyara ɗaya a manta biyu, bayani ya saɓa wa kansa. Misalan da ke cikin bayanin ana gudanar da su a matsayin gwaji, amma babu injin da ke gwada jimlar da mutum ya rubuta, sai idon mutum.

Na'am, malama?

(Tambaya: Malam, ni na wuce iyakar da gangan, kuma shirin ya yi aiki lafiya lau.)

Yauwa, Allah ya yi miki albarka, wannan ita ce tambayar! Ya yi aiki yau, da wannan kamfaila, a wannan kwamfuta. Ki sabunta kamfaila, ko ki kunna tsarin sauri, yana iya juya miki baya ba tare da sallama ba. Akwai manhajar Miri, aikinta ke nan: tana bin shirin taku-taku, ta tsaya daidai layin da kika ƙetare. Kwamfutar na tare da ke? Kawo ta nan gaba mu haɗa da majigi, kowa ya ga abin da za ta ce.