Ɗan dabon da ya koma tona asirin masu damfara

Sadiq: Assalamu alaikum jama'a barkanmu da sake haɗuwa, yau ni ne da Anti Binta da Auwal, kuma Anti ce ta zo mana da labarin wani ɗan Kanada. Bismillah Anti.

Binta: James Randi sunansa, an haife shi a Toronto 1928. Abun da ya ja hankalina shine mutumin nan ba ta falsafa ya shigo harkar tunani na hujja ba, ko sakandare bai ƙarasa ba, dabo kawai yake so. Yana yaro ya ga wasan wani shahararren ɗan dabo Harry Blackstone ya kasa mantawa, daga baya ya yi hatsarin keke aka ɗaure masa jiki da filasta wata 13, toh yana kwance ba abun yi sai karatun littattafan dabo har ya gane yadda ake yaudarar ido.

Auwal: Amma Anti ina haɗin dabo da tunani na hujja? ni a ganina ai kishiyoyi ne.

Binta: Tsaya ka ji Auwal. Yana saurayi ya shiga wani coci inda faston ke cewa yana karanta zuciyar mutane, kowa ya rubuta tambayarsa a takarda a liƙe a ambulan, shi kuma ya ɗaga ambulan ya faɗi abun da ke ciki bai buɗe ba. Dabarar ita ce amsar farko ta yaronsa ce da ke zaune cikin jama'a, sai ya buɗe ambulan wai don ya tabbatar, alhali tambayar wani ce yake karantawa, ita zai faɗa a zagaye na gaba, haka zai yi ta tafiya yana gabansu da takarda ɗaya. Randi ya san wannan daga littafi, ya tashi ya nuna wa mutane, aka kira masa ƴan sanda ya yi awowi a tsare.

Sadiq: Kai! shi aka kama ba faston ba?

Binta: Shi fa. Kuma daga nan ya riƙe abu ɗaya, ɗan dabon da ya ce maka wasa ne wannan sana'a yake, wanda ya yi dabarar nan ya ce baiwa ce ya karɓi kuɗin marar lafiya wannan ɓarawo ne. Ya ci gaba da sana'arsa ta kwance kansa daga sarƙa da ankwa shekara da shekaru, a hankali tambayarsa ta koma ta yaya za mu gwada? A 1964 ya sa dala dubu ga duk wanda zai nuna wani iko na ban mamaki a gwajin da su biyun suka yarda da ƙa'idarsa tun farko, kuɗin ya kai dala miliyan ɗaya a 1996, har aka rufe a 2015 ba wanda ya ci.

Auwal: Ni dai abun da ke damuna, na ji mutumin bai yarda da addini ba sam.

Binta: Gaskiya ne kuma ban bi shi a nan ba ko kaɗan. Amma ai mu ma an hana mu zuwa wajen boka, kuma ka duba yadda masu cewa za su ninka kuɗi ke talauta mutane a garuruwanmu. Dubi Peter Popoff, wani mai wa'azin Kirista a Amurka, yana kiran sunan marar lafiya da ciwonsa da adireshinsa wai wahayi ne, a 1986 Randi ya sa aka shiga taron da na'urar kama zangon rediyo, sai ga muryar matar Popoff, Elizabeth, tana karanto masa katunan da mutane suka cike a ƙofa ta ƴar na'ura a kunnensa. Aka saka a shirin talabijin na Johnny Carson, a 1987 Popoff ya ayyana karayar arziki.

Sadiq: Toh alhamdulillah shikenan ya ƙare.

Binta: Ina fa Sadiq, wallahi wannan ne ke min ciwo, bayan wasu shekaru ya dawo talabijin yana tallan ruwan mu'ujiza kuma mutane suka sake tura masa kuɗi, Randi na raye yana kallo don sai 2020 ya mutu.

Auwal: Anti dan Allah mako mai zuwa ki zo da ambulan ki gwada mana dabarar nan mu gani da idonmu.

Binta: In sha Allah, ku tanadi tambayoyinku.